Ranar da Injiniya Ya Sa wa Motar Yaya Taswira

Ku da ba ku san mijin yayata ba, ku gode wa Allah, in kun gama ku ƙara. Mutum ne da aikinsa a ofis bai wuce buga hatimi a kan takarda ba, amma tun ranar da ya canja ƙwan fitilar banɗaki wuta ba ta ja shi ba, ya ce a riƙa kiransa Injiniya. Muka ɗauka wasa ne. Sunan ya zauna daram, mu kuma muka shiga uku. Duk abin da ka ce masa amsa ɗaya ce: "Ai na gani a waya." Da wannan kalmar ya kashe fankar falo. Da ita ya taɓa keken ɗinkina, wanda har yau in na taka sai ya fara yin baya kafin ya tuna gaba.

Yaya kuwa kek take yi a gida. Mace ce mai sanyi, irin wadda in ka taka ta ita za ta ba ka haƙuri. Ta daɗe tana zarya wani babban otal da ɗanɗano a kwali, har dai manajan ya gaji ya ce to, ga gwaji: wani kamfani zai yi liyafa, ta kawo kek mai hawa uku kafin baƙi su zauna. In ya yi, duk wani kek na otal ɗin daga hannunta zai riƙa fitowa. In bai yi ba, kowa ya kama gabansa. Motar da za a kai shi da ita tata ce, da zafin murhu ta saya.

Ana gobe liyafa sai ga Injiniya da kwali a kafaɗa, yana murmushin da na tsana.

"Madam, zamanin ɓata hanya ya wuce. Na'urar nuna hanya ce, allo ne kamar faranti, har magana take yi."

Yaya ta ɗago daga kwanon fulawa. "Wa ya ɓata, Baban yara? Na san hanyar nan kamar ɗakina."

"Sanin hanya daban, isa da daraja daban. Manajan nan in ya leƙo ya ga allo yana magana a motarki, zai san ba da 'yar talla yake hulɗa ba."

"To ka bari sai jibi."

"Kafin ki gama fasa ƙwai na gama."

Na ce, "Ka kai wa mai wayarin mana, tunda sana'arsa ce."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Auta, shi mai wayarin ɗin da kai biyu aka haife shi? Ke dai ki ji da allurarki."

"Allurar ma ai ka gyara min ita, shi ya sa nake ɗinki da baya."

Ya yi kamar bai ji ba, ya wuce kicin ya ɗauki wuƙar da Yaya ke shafa kirim da ita, wai ita ce daidai ɓamɓare gaban mota.

Kafin a jima ƙofar gida ta cika. Mai wanki ya bar guga ya zo. Mai shagon kwana ya jawo benci. Baba Direba, tsohon direban tirela da ya ajiye aiki tun ina goye, ya zo da sandarsa ya tsaya a kan Injiniya kamar alƙali. Injiniya ya zura wuƙa a gefen rediyo ya danna. Ƙas!

"Haka yake yi in ya saki," in ji shi.

Ya sake dannawa. Ƙas! Wani ɓallin roba ya yi tsalle ya faɗa cikin kwata.

Mai shago ya ce, "Wannan kuma sakin ne ko tafiya ce?"

Da rediyon ya fito, sai ga wayoyi cunkus a baya kamar gashin da aka yi wata ba a taje ba. Ita ma sabuwar na'urar ga nata jelar. Ni da na ga haka da na mayar da komai na ce Allah ya ba da haƙuri. Injiniya sai ya gyara tsayuwa, ya juyo ga jama'a.

"Kun ga inda masu wayarin ke cutar mutane. Su yi ta zura wata 'yar fitila suna ɓata fuska don a ce aiki ne mai wuya. Masu ƙera abin nan mahaukata ne da suka yi wa waya launi? Ja da ja. Shuɗi da shuɗi. Baƙi da baƙi. Shi ke nan ilimin."

"To ai jan motar uku ne," in ji mai wanki.

Baba Direba ya nuna da sanda. "Ɗauki mai kaurin. A mota mai kauri shi ne babba, sauran yaransa ne."

"Abin da zan ce ke nan ka riga ni."

"Ni dai a nisanta ja da fari," in ji mai wanki, "kar ya zuba."

Injiniya ya datse, ya fere da haƙori, ya murɗa, ya naɗe da salatif. Ya zo kan wata waya ruwan hoda da ba ta da 'yar'uwa a motar. Ya juya ta, ya ɗaga ta a rana, ya yanke hukunci: ja ce ta koɗe. Ya haɗa ta da jan da ya rage.

"A matsa, za a gwada!"

Ya murɗa makulli. Allo bai ce uffan ba, amma waifa ta tashi da gudu, ruwan wanke gilashi ya yi tsiri ya sauka a fuskar mai shago.

"Kai! Ni na ce ina da ƙura?"

"Alama ce wuta ta shiga," in ji Injiniya. Ya sauya waya biyu, ya sake murɗawa. Wani abu ya ce fat a ƙarƙashin sitiyari, ƙauri ya tashi.

"Sabon abu ne, dole ya yi wari," in ji Baba Direba. Su biyun nan da za a ba su jirgin sama, da tuni an huta da tafiye-tafiye.

Na leƙa kicin na ce, "Yaya, fito ki ga motarki, hanjinta na waje."

Ta ce, "Auta, hawa na biyu na cikin murhu. Ki bar shi, in ya gaji zai mayar."

Bai gaji ba. Sai ma ya tuno cewa a kwalin akwai lasifika biyu, kuma bai kamata muryar na'ura ta fito ta gefe ɗaya kamar mai raɗa ba. Ya ɓamɓare murfin cikin ƙofar direba, ya ɓamɓare na ɗaya ƙofar. Da ya zo mayarwa suka ƙi zama, ya sa gwiwa ya danna su har suka yi shiru. Rana na shirin faɗuwa ya haɗa komai, ya manna allon, wanda ya fi ramin girma, ya tokare shi da guntun kwali. A ƙasa ga noti cike da kofi.

Na ce, "Waɗannan fa?"

"Ƙari ne. Kamfani na sakawa saboda masu zubarwa."

Ya shiga ya murɗa makulli. Allo baƙi ƙirin. Ya buga shi da tafin hannu, shiru. Gumi ya keto masa. Ya jingina da kujera ya miƙe ƙafa, ƙafar ta sauka a kan birki, sai ga allo ya kawo haske, wata muryar mace ta yi mana barka da zuwa. Jama'a suka sa tafi. Ya ɗage ƙafa don ya karɓi gaisuwa, allo ya mutu. Ya taka, ya kawo. Ya saki, ya mutu.

Mai shago ya ce, "Injiniya, kamar da fitilar birki ka haɗa ta."

"Kai da sayar da sabulu me ka sani? Tsaro ke nan! An yi ta ne don kar direba ya riƙa kallon allo yana tafiya. Sai manyan motoci ake sa wa irin wannan."

Baba Direba ya gyaɗa kai. "Na taɓa ji."

Washegari kek ya fito, kuma wallahi ko maƙiyin Yaya ya gan shi sai ya yi shiru. Fari tas, hawa uku, furanni na kirim sun zagaye shi, sunan kamfanin a sama da ruwan zinariya. Ni aka sa a baya, bayan kujerar Yaya, na rungume katakon da yake kai a cinya. Yaya ta miƙa hannu a ba ta makulli.

"Haba Madam, ranar farko? Na'urar ba ta saba da ke ba tukuna."

Ta dube ni, na dube ta. Lokaci na tafiya, ta zaga ta zauna. Abu ɗaya ta roƙa: "Ka ƙure esi. Kirim ɗin nan ba ya son zafi."

Muka hau titi lafiya, sanyi na busowa. A mahaɗar farko Yaya ta ce, "Dama."

"Bari mu ji daga bakin masu abin."

Ya taka birki a tsakiyar titi. Allo ya kawo, matar ta yi mana barka da zuwa, wani ɗan zobe ya fara juyawa yana neman inda muke. Na baya suka dame mu da hon. Ya saki birki, allo ya mutu.

"Saura kaɗan ta kamo," in ji shi, ya yi dama kamar shi ya gano.

Haka muka yi ta yi. Matar nan ta gaishe mu ta gaishe mu har na fara amsawa. Taswira kuwa ko ƙyallinta ba mu gani ba, yatsan Yaya ne ke kai mu.

Sai wani mai kura ya shigo gabanmu da lodin katifu. Injiniya ya danna hon, babu. Ya sake dannawa da ƙarfi.

"Fiyus ne ya ƙone jiya. Yanzu zan gyara."

"Baban yara, don Allah ka bar shi, mu isa tukuna."

"Mota babu hon a garin nan? So kike a raina mu?"

Da cunkoso ya tsayar da mu ya sa giya a sake, ya cusa kai ƙarƙashin sitiyari, ya buɗe akwatin fiyus. Ya zaro na kusa, ya cusa a ramin hon. Fat! Ya ƙone nan take.

"Ƙarami ne. Bari a sa babba."

Ya zaro wani mai kauri ya cusa. Wannan ya zauna. A daidai lokacin esi ya yi wani dogon numfashi kamar tsoho zai kwanta, ya ɗauke.

Na ce, "Injiniya, na esi ka cire!"

"Hutawa yake yi, zai dawo."

Hanya ta buɗe, muka matsa, ga danja ta ba da ja. Ya taka birki. Allo ya kawo, hon kuma ya ɓarke. Ba ɗan fit-fit ba, kuka ɗaya miƙaƙƙe kamar an taka wutsiyar jirgin ƙasa. Ya ɗaga hannu biyu sama don duniya ta shaida ba shi ba ne. Ya saki birki, shiru. Ya taka, ihu. Ashe shuɗin da ya aura wa shuɗi jiya na hon ne, ƙonewar fiyus ce kawai ta rufa masa asiri.

"Mayar da na esin!" in ji Yaya.

Ya sa hannu, ya janye da sauri yana hura yatsa. Fiyus ya yi zafi ya narke, ya manne a ramin.

"To sauke gilashi mu sha iska."

Ya danna, gilashi ko motsi. Ashe fiyus ɗin da ya fara zarowa ya ƙona ɗazu na gilashi ne.

A shataletale ne muka gamu da ɗan sandan hanya. Ya juya mana baya yana ba wasu hannu, Injiniya ya tsaya dab da shi ya taka birki. Bawan Allah ya yi tsalle har hularsa ta faɗi. Ya juyo da ido jajur, ya nuna a sauke gilashi. Injiniya ya nuna masa allo. Ɗan sandan ya nuna a daina hon. Injiniya ya sake nuna allo, har da ɗaga babban yatsa. Ɗan sandan ya ja ƙofa, a kulle. Mu muka ɗauka kullewar nan ce da motar ke yi da kanta in ta fara tafiya. Yaya ta haɗa hannu biyu tana roƙo, ta nuna masa kek. Ya leƙo, ya ga kek, ya gan ni ina gumi a bayansa, ya toshe kunne ɗaya, ya kaɗa mana hannu irin na ku tafi ku mutu a gaba.

"Kun gani? Da ya ga allon ya san ba ƙananan mutane ba ne."

Na ce, "Wallahi da hannuna a sake yake, da yau Yaya ta yi takaba."

Daga nan Injiniya ya ɓullo da sabuwar dabara: tunda birki ke kawo hon, a daina taka birki. Da wannan dabarar muka hau tudun nan na rage gudu ba mu rage komai ba. Kaina ya daki rufi. Hawa na uku ya gusa gefe ya tsaya a karkace kamar hular ɗan gayu. Motar ta koma murhu, furannin kirim suka fara sunkuyar da kai.

"Auta, yaya yake?" in ji Yaya, ba ta ko juyo ba.

"Yana nan. Ki dai yi addu'a."

Abin haushin shi ne mun isa da sauran lokaci. Baƙi na ta sauka a ƙofar otal, maza da kwat, mata da ƙamshi, ga manaja tsaye a kan matakala yana duba agogo. Da an ciro kek ɗin a lokacin an ruga da shi firji, da an gyara. Amma ƙofar otal ɗin a kan gangare take. Injiniya ya hau ya taka birki, hon ya ɓarke a tsakiyar manyan mutane. Wata mata ta saki jakarta. Ya ja birkin hannu, wanda shi ya gyara shi bara, ya ɗage ƙafa, mota ta fara silalowa baya wajen wata baƙar mota mai sheƙi. Ya taka, ihu. Ya kashe inji, hon bai san an kashe ba. Masu gadi suka zagaye mu suna ta magana, bakinsu kawai muke gani. Da ƙyar wani ya yi hankali ya jawo tukunyar fure ya tokare taya. Injiniya ya ɗage ƙafa. Shirun da ya biyo baya har kunne yake yi wa ciwo.

Yaya ta ja hannun ƙofa. Ya taho fayau, babu abin da ya kama. Injiniya ya ja nasa, haka. Da ya mayar da murfin ƙofofin jiya, bai maƙala 'yar wayar ƙarfen da ke jan makulli ba. Ya danna maɓallin buɗewa, shi ma ya bi fiyus ɗin gilashi. Ƙofofin baya kuwa an sa musu makullin yara, ba sa buɗuwa ta ciki. Maigadi ya nuna a miƙo makulli ya buɗe ta waje. Ta ina?

Manaja ya sauko ya kara fuska a gilashina. Baƙi suka biyo shi, wasu har da ɗaga waya. A gabansu sunan kamfanin ya fara gangarowa harafi-harafi. Hawa na uku ya yi sallama da na biyu ya zauna a ƙirjina.

Wani maigadi ya ɗauko dutse. Injiniya ya daka tsawa ta cikin gilashi: "Kar wanda ya taɓa min gilashi! Akwai yadda ake yi, na gani a waya!" Ya zaro wayar ya fara lalube, gumi na ɗiga a kanta. "Ga shi nan. A'a, wannan na firji ne. Ku ɗan ba ni lokaci."

Yaya ta juyo ta dubi kek. Ta dubi tagogin ɗaya bayan ɗaya, na ga tana auna wadda ta fi nisa da kek ɗin. Sai ta sunkuya ta zaro sifanar taya daga ƙarƙashin kujera.

"Baban yara, kwantar da kanka baya."

"Madam, tsaya, saura..."

Tas! Gilashin direba ya zube masa a cinya kamar ƙanƙara. Ta zare makulli ta miƙa wa maigadi ta saman hancinsa.

Aka buɗe, aka ciro ni da abin da ya saura. Hawa na ƙasa ne kawai ke da kamannin kek, sauran ina sanye da su. Manaja ya dube shi, ya dubi Yaya. Ba mugun mutum ba ne, har ya sassauta murya.

"Hajiya, ba zan iya kai wannan gaban baƙi ba. Na riga na aika a sayo wani." Ya duba agogo. "Za mu neme ki."

Duk wanda ya taɓa neman aiki ya san ma'anar wannan. Yaya ta ce ta gode, har da ɗan rusunawa. Ta karɓi katakon daga hannuna ta ajiye a but da kanta, a hankali, kamar har yanzu akwai abin lallaɓawa.

Injiniya ya fito yana kakkaɓe gilashi daga wando, ya juya ga jama'a. "Amma dai kowa shaida ne, mun iso a kan lokaci. Matsalar daga motar ce, tsohon wayarin gare ta. Ita na'urar lafiyarta ƙalau."

Yaya ta zaga ta shiga wajen direba. Ta kama allon da hannu biyu ta fizgo shi, da kwalin da salatif ɗin da jelar wayoyin gaba ɗaya. Ta taka birki. Shiru. Ta ce, "Auta, shigo." Na shiga gaba, na bar ƙofar a ɗan buɗe na riƙe ta da hannu, don ban yarda da ita ba. Injiniya ya kama hannun ƙofar baya.

Ta miƙo masa na'urar ta tagar da ta fasa. Ya karɓa da hannu biyu.

"Tunda lafiyarta ƙalau, ta kai ka gida."

Maigadi ya janye tukunyar fure, muka gangara. Ba ta yi kuka ba sai da muka fita titi, shi ma ba mai sauti ba, tana tuƙi tana sharewa da bayan hannu. Na waiga ta gilashin baya. Injiniya na tsaye a kan matakala, allo a hammata, wayoyi na reto har gwiwa. Ya riƙo hannun rigar manaja, yana nuna masa motar ɗaukar baƙin otal ɗin da ke ajiye a gefe.